Sabon Malamin Kemistiri: Daga Ina Ya Fito, Me Ya Kawo Shi?

Duk wanda ya bar birnin Sakkwato ya nufi mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai ya ratsa Kwalkwalawa, ƙauyen nan da ke zaune a bakin Gulbin Rima, inda fadama ta shimfiɗu dama da hauni, a noma shinkafa da damina, in ruwa ya janye kuma a dasa albasa da tumatir da tattasai, masunta na jefa koma a gefe guda. Ta wannan hanya ɗalibai ke kai da komo safe da maraice, kuma a cikinsu akwai wata 'yar jama'a wadda ba a cika waiwayarta ba, alhali kuwa wani babban yanki na maslahar ƙasa ya rataya a wuyanta, wato samari da 'yan mata masu karatun ilmin sinadarai, wanda 'yan makaranta ke kira kemistiri. Da yawa daga cikinsu, ko sun ƙudura haka tun farko ko ba su ƙudura ba, a gaban allo za su tsinci kansu, da alli a hannu, suna fuskantar yara masu jiran a buɗe musu ƙofar wannan fanni.

Ya kamata uba da uwa, da shugaban makaranta, da mai unguwa, su san wane ne wannan sabon malami da aka turo musu, wace hanya ya biyo, kuma wane sababi ne ya tsayar da shi a aji, domin wanda bai san asalin mutum da niyyarsa ba, ba zai san yadda zai riƙe shi ba.

Hanyar da ya biyo

Galibi, idan ɗan wannan yanki ne, karatunsa ya faro ne daga makarantar allo, inda ya saba da hadda da haƙurin zama gaban malami tun kafin ya san harafin boko. Daga nan ya shiga firamare, ya yi shekara 6, ya wuce ƙaramar sakandare ya yi 3, bisa tsarin nan na 6-3-3-4 wanda aka soma aiki da shi a Nijeriya a 1982. A ƙofar babbar sakandare ne aka yi masa rabon farko, lokacin da malamai suka dubi makinsa na lissafi suka ce ya shiga ajin kimiyya. Kuma tun daga ranar da wannan labari ya isa gida, dangi suka yanke masa sana'a ba tare da sun shawarce shi ba, ƙannensa da gwaggonninsa suka fara kiransa Likita, mahaifinsa kuma ya riƙa ambatonsa a majalisa da wata murya ta daban.

To, amma kujerun karatun likita ƙidayayyu ne, masu nema kuwa ba su ƙidayuwa. Yaro ya sami kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko ta NECO, har da Turanci da lissafi, ya zauna jarrabawar JAMB a darussa 4, wato Turanci da fiziks da kemistiri da bayoloji, ya ci gwargwadon iko, amma makin bai kai inda ake yanka ba. Sai sunansa ya fito a sashen kemistiri, ko kuwa a tsangayar ilmi, inda ake haɗa kemistirin da dabarun koyarwa. Wannan ita ce gaskiyar da ba a cika faɗi a fili ba: da yawa daga cikin malaman wannan fanni ba shi suka fara nema ba. Wasu kuma ta wata ƙofar suka shigo, wato Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari, wadda aka kafa a Sakkwato a 1970, inda ake shekara 3 a sami takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da hukuma ta yarda a shiga aji da ita.

Jami'ar da ke bayan Kwalkwalawa an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ta fara karatu a 1977 a ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, sannan a 1988 aka sa mata sunan Mujaddadi Usmanu Ɗanfodiyo. A can ɗalibi zai shekara 4 yana gwagwarmaya da lissafin sinadarai da ɗakin gwaji, kuma a shekarar ƙarshe sai an ɗora masa bincike na kansa. A nan ne Kwalkwalawa ke shiga tarihinsa a karo na biyu, domin kusancinta ya sa ta zama wurin da masu bincike suka sha zuwa ɗibar ruwan gulbi da ƙasar fadama da ganyen lambu, su kai ɗakin gwaji su auna ko akwai dalma ko wani ƙarfe mai cutarwa a ciki, kuma gwargwadon nawa. Ɗalibin da ya tsuguna a bakin ruwa da kwalbarsa, manomi ya dakatar da fartanya ya ce masa, "Samari, me kuke gani a ruwan nan da mu ba mu gani?", ya gamu da tambayar da ta fi duk wadda aka taɓa yi masa a takarda nauyi, domin amsarta tana shafar abin da za a ci a gidajen birni gobe.

Bayan digiri sai hidimar ƙasa, wadda aka kafa a 1973, kuma sananne ne cewa makarantu ne ke karɓar kaso mai yawa na masu wannan hidima, balle mai takardar kimiyya, wanda shugabannin makarantu ke nema ruwa a jallo. A wannan shekara ce da yawa ke fara ɗanɗana aikin. Wanda ya zaɓi ya zarce, in digirinsa ba na koyarwa ba ne, sai ya ƙara da difiloma ta ilmi, ko a jami'a ko a Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, sannan ya yi rajista da hukumar TRCN, wadda dokar 1993 ta ɗora wa tantance malamai.

Wanda ya riga shi

Kada sabon malami ya ɗauka shi ne farau, domin Sakkwato tana da misali wanda ya isa a yi tunƙaho da shi. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a 1925, ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil ta Sakkwato, ya tafi Kwalejin Kaduna ya gama a 1944, kuma aikin da ya dawo ya kama a Midil ɗin da ta yaye shi shi ne koyar da kimiyya, a zamanin da ɗan Arewa mai wannan fanni abin nunawa ne da yatsa. Daga nan ya zama hedimasta a Argungu, ya shiga siyasa, har ya zama shugaban ƙasa a 1979. Fa'idar ambatonsa a nan ba wai a ce aji tsani ne na hawa mulki ba, abin lura shi ne cewa a wancan zamani al'umma ta ɗauki mafi hazaƙar 'ya'yanta ta danƙa musu alli, ba ta ga ta yi asara ba, kuma ba wanda ya tare shi a hanya ya ce, "Malam, har yanzu ba a sami aiki ba?", kamar yadda ake tarar magajinsa na yau.

In an ƙara komawa baya, ƙasar nan ba baƙuwar karantarwa ba ce, ba kuma baƙuwar binciken halittu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula da ke kansa, ya wallafa littattafai a kan magunguna da cututtuka; Nana Asma'u kuma ta tsara mata jagorori da ake kira jaji, da 'yan taru, suka kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin ɗakunansu. Malaman Musulunci na farko irin su Jabir ɗan Hayyan da Abubakar al-Razi sun shahara da tacewa da narkarwa da turara abubuwa don sanin haƙiƙarsu. Saboda haka malama ko malamin da ya tsaya yana koyar da sinadarai a Sakkwato yana da silsila, ko da ba wanda ya taɓa karanta masa ita.

Sabubba 3

Idan aka tace dalilan da ke kawo mutum wannan aiki, za a same su sun taru a kan abu 3, kuma sau da yawa duka ukun suna zaune a zuciya guda.

Na farko larura ce, kuma babu kunya a faɗe ta. Masana'antun da ke ɗaukar mai ilmin sinadarai a wannan yanki 'yan kaɗan ne. Akwai kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, akwai hukumar ruwa, akwai ɗakunan gwaji na asibitoci da hukumomin kula da abinci da magunguna, amma duk waɗannan ba su iya haɗiye masu fitowa kowace shekara. Saurayi yana da iyaye da suka tsufa, yana da ƙanne, yana son ya ajiye iyali. Albashin malanta, ko da bai taka kara ya karya ba, halal ne kuma ana sa ransa. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa kaɗai, idonsa na kan hanya, kuma ranar da wata takarda ta fito zai ajiye alli ko a tsakiyar zango ne.

Na biyu bashi ne. Da wuya ka zauna da malamin kimiyya ka tone shi, bai ambaci wani malami guda da ya juya rayuwarsa ba: wani ɗan hidimar ƙasa daga Kudu, ko wani dattijo daga Indiya ko Fakistan ko Gana, irin waɗanda suka cika makarantun Arewa a shekarun 1970 da 1980, ko wani ɗan gari da ke tara yara ranar Asabar ba da ko kwabo ba. Akwai kuma mai bashi ta ɗaya fuskar, wato wanda ya gama sakandare ba tare da ya taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, ya isa jami'a ya sha kunya a gaban tsararrakinsa, ya yi wa kansa alkawari cewa ƙannensa ba za su sha irinta ba. Mata da yawa wannan ne ya kawo su, domin sun san akwai iyayen da hankalinsu ya fi kwanciya in mace ce ke koyar da 'ya'yansu mata, kuma sun san babu likita mace, babu ungozoma, babu mai haɗa magani, sai an bi ta ajin kemistiri.

Na uku shi ne mafi daraja, kuma shi ne mafi jinkirin tsirowa, wato mutum ya gane cewa wannan ilmi farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka ɗauka ta sauka daga kan saura, in kowa ya bari kuma kowa ya shiga alhaki. Shekarar 2010 ta koyar da wannan darasi da tsada. A watan Satumba na shekarar Gulbin Rima ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje, ya yanke gadar hanyar jami'a, ya bar jama'a da tambayar wane ruwa ne za a sha. A cikin shekarar kuma aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, inda ake kawo dutsen zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurarsa na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, har yara sama da 400 suka rasu. Ajali na Allah ne, amma Allah ya sanya wa kome sababi, kuma sanin cewa ƙura mai kama da kowace ƙura tana iya ɗauke da guba ilmi ne da bai fi ƙarfin ɗan aji 1 na babbar sakandare ba. Haka nan hayaƙin janareta ko na gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, da maganin ƙwari da ake barbaɗa wa wake ba bisa ƙa'ida ba: duk kemistiri ne, kuma jahilcinsa kisa yake yi.

Abin da ya tarar

Ranar da ya shiga aji, sai ya tarar da abu biyu sun tare masa gaba. Na ɗaya harshe: littafi da Turanci yake, jarrabawa da Turanci, yaro kuwa da Hausa yake tunani, ko da Fulatanci ko Zabarmanci, har ya zamanto yana fama da kalma kafin ya kai ga ma'ana. Na biyu kayan aiki: a makarantu da yawa ɗakin gwaji ko babu, ko yana kulle, ko kwalabensa sun daɗe da bushewa. A irin wannan hali hanya mafi sauƙi ita ce ta hadda, kuma yaranmu gwanayenta ne. Cikin mako guda za su rera maka sinadarai 20 na farko daga jadawalin nan da Mendeleev ɗan Rasha ya tsara a 1869, wanda yau ya ƙunshi 118, amma ka tambaye su wanne ne a cikin gishirin miya, sai aji ya yi tsit.

Jarrabawa kuwa ba ta yafe wannan ba, domin tana da takarda ta aiki da hannu. Za a ajiye wa yaro dogon bututun gilashi mai ma'auni da ɗan famfo a ƙasa, a cika shi da ruwan asid. Ya zuƙi wani ruwan mai kaifin kanwa da wani siririn bututu daidai awo, ya zuba a kwalba, ya ɗiga mata launi ɗigo 2 ko 3. Sannan ya buɗe famfo da hannun hagu yana karkaɗa kwalba da na dama, ruwa na sauka kaɗan-kaɗan, har a kai ga ɗigo guda wanda zai juya launin daga ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo. A nan zai tsaya, ya daidaita idonsa da ma'auni, ya rubuta, ya sake har adadin ya yi daidai da juna. Yaron da bai taɓa riƙe wannan bututu ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa zai yi, ya zarce ɗigon, kuma ba wautarsa ba ce.

A nan ne ake gane malamin da niyyarsa ta nuna, domin shi ne wanda zai tuna cewa garinsa cike yake da ɗakunan gwaji waɗanda ba a rubuta musu suna ba. Zai jiƙa zoɓo ya raba a kofi 2, ya matsa lemon tsami a ɗaya, jan ya ƙara haske. Ya zuba ruwan kanwa a ɗayan, ya rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. A take yara sun ga bambancin asid da kishiyarsa da idonsu, da kayan da ba su kai kuɗin ƙosai ba. Zai matsa lemon a kan garin kanwa ta yi kumfa, ya ce musu iskar da ke fita ita ce wadda ke fita daga dutsen farar ƙasa in an gasa shi a Kalambaina. Zai tuna musu da majema, waɗanda ke jiƙa fatar jan akuyar Sakkwato a ruwan bagaruwa, sinadarin da ke cikin kwanson ya kama naman fatar ya hana ta ruɓa, har ta yi suna a kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko, domin ta can fatake ke fitar da ita. Zai tuna musu da marina, inda zane ke fitowa daga baba yana kore-kore, iska ta buge shi ya zama shuɗi a gaban ido.

Ga ɗan Kwalkwalawa kuwa, babu darasin da ya kai na taki shiga rai. Buhun yuriya mai kilo 50 kashi 46 cikin 100 nasa naitirojin ne, wato kilo 23. Buhun NPK mai lamba 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi kacal yake da shi na naitirojin, sauran amfaninsa na wasu sinadarai 2 ne da shuka ke bukata. Kuma yuriya in an watsa ta a kan ƙasa cikin zafi ba a rufe ba, wani kaso nata iska yake bi. Yaron da ya koma gida ya ce, "Baba, Malam ya ce a riƙa binne ta," kuma uban ya jarraba ya ga bambanci a albasarsa, ya samar wa malaminsa wata ijaza wadda babu hukumar da ke bayar da irinta. Daga ranar kuma gaisuwar da ake yi wa malamin a bakin masallaci ta canza.

Abin da zai riƙe shi

Hukuma ta yi wasu yunƙure. Jihar Kano ta kafa hukumar makarantun kimiyya a 1977, makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, abin da ya tabbatar da cewa yaran Arewa ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Gwamnatin Jihar Sakkwato ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2015, kuma a 2022 aka sa hannu a dokar tarayya da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. Sai dai tsawaita wa dattijo zama ba shi ne riƙe saurayi ba, kuma shekarar farko ita ce mai yanke hukunci.

A wannan shekara abin da yake bukata sananne ne, kuma bai fi ƙarfin kowa ba: albashi ya zo a kan lokaci, shugaban makaranta ya ba shi mabuɗin ɗakin gwaji maimakon ya ɓoye shi don tsoron fashewar kwalba, kada a lafta masa fiziks da lissafi da bayoloji don kawai an ga takardarsa ta kimiyya ce, a haɗa shi da wani tsohon hannu, ko ta Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda ke nan tun 1957, wanda zai nuna masa yadda ake haɗa ruwan gwaji da yadda ake riƙe aji mai cunkoso, ƙungiyar iyaye da malamai kuma ta san cewa kuɗin sinadaran gwaji na zango guda ba su kai na walimar yaye ɗalibai ba.

Malamanmu sun karantar da mu cewa niyya aba ce da ake sabuntawa, kuma aikin da aka fara don neman abinci yana iya komawa ibada in zuciya ta gyaru. Saboda haka bai kamata a tuhumi sabon malami da cewa likita ya so zama ba, domin da yawansu haka suka so. Abin tambaya shi ne ko makaranta da gari za su ba shi dalilin da zai sa ya daina duban hanya. In sun ba shi, cikin shekara 10 sai a ƙirga likitoci da masu haɗa magani da malaman gona da suka fito daga hannunsa. In sun hana shi, zai tafi, a sake rubuta wa ma'aikatar ilmi takarda ana roƙon a turo wani.